Cundi da Gangarar Brañaseca

Har yau idan ka shiga mashayar bakin tasha a Mieres ka ambaci sunan Secundino Tuñón, sai an samu wanda zai dire kofinsa ya ce maka ai shi ne mutumin da ya ƙwace wa Ramiro Fueyo nasara ɗaya tak da ta taɓa zuwa hannunsa a tseren keke. Na daina yi musu gardama. Amma duk cikinsu babu wanda yake cikin motar nan a ranar. Ni ina ciki, a kujerar baya, da tayoyi biyu a kan cinyata, kuma in dai mai laifi ake nema, da ni ya kamata a fara.

Sunana Belarmino, Mino ake ce mini, makaniken keke ne ni tun ina da gashi a ka. Shi kuma Secundino, Cundi muke kiransa. Layinmu ɗaya, kuma iyayenmu maza rami ɗaya suke shiga haƙar kwal. Yana da shekara goma sha uku aka fito da babansa daga ramin a kan katako, kuma tun a maƙabarta ya gaya mini shi ba zai shiga ƙarƙashin ƙasa da ransa ba. Sai ya samu aikin kai burodi ƙauyukan da ke bisa dutse, a kan wani tsohon keke mai nauyin tsiya. A nan aka gane abin da Allah ya ba shi. Siriri ne, ba ƙirji ba ɗuwawu, amma da hanya ta miƙe sama sai ka ga kamar da igiya ake jan sa.

Yana da ashirin da biyu ya shiga tseren ƙwararru. Kada ka ɗauka tauraro ya zama. A kowace ƙungiya mutum ɗaya ake so ya ci, sauran takwas aikinsu su tare masa iska, su koma baya su ɗebo masa ruwa, su ba shi kekensu idan nasa ya lalace. Cundi ya yi shekara goma sha biyu cikin takwas ɗin nan. Sau biyu kawai ya taɓa cin tsere, ƙanana, waɗanda ko matarsa Etelvina sai ta yi tunani kafin ta tuna sunansu. Abin da aka san shi da shi daban ne. A bayan kowane tsere akwai wata mota da ke tafe a hankali tana kwasar waɗanda suka gaza, motar tsintsiya muke ce mata. Cundi bai taɓa sa ƙafa a cikinta ba.

A shekarar 1984 ya faɗi a wata gangara, ya bugi katangar dutse da kai. Lokacin babu hular kwano, 'yar hular yadi ce kawai. Aka ɗaga shi aka ɗora a kan keke, ya yi kilomita tasa'in jini na zuba masa a ido, ya kammala. Hoton wannan rana yana rataye a mashayar bakin tashar har yanzu, duk ya dafe da hayaƙin taba, kuma uba yakan kawo ɗansa ya nuna masa ya ce ga namiji.

Abin da ba su sani ba shi ne Cundi bai san komai ba game da wannan rana. Yana tuna karin kumallo, sai kuma farkawa a otal washegari. Kilomita tasa'in ɗin nan a jarida ya karanta su, kamar kowa. Kuma tun daga ranar tsoron gangara ya shige shi. Ni nake gyara masa keke, don haka ba shi da hanyar ɓoye mini: robar birkinsa takan cinye cikin mako guda, ta sauran tana yin wata. Duk ranar da za a hau dutse sai ya zaga bayan bas ya yi amai, ya kurkure baki, ya fito yana zolayar mutane. Shekara bakwai ya yi a haka, daga ni sai Etelvina muka sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na ɗauka idan ya ajiye keke zai huta, ashe a lokacin ne abin zai fara. A 1993 aka ba shi manajan wata ƙaramar ƙungiya, ya tafi da ni. Da can ransa ɗaya yake jin tsoro a kai, yanzu sun zama tara. Shi yake tuƙa motar da ke bin 'yan tsere, ni ina bayansa, don haka shekara goma sha shida na yi ina kallon ƙeyarsa. Da rediyon tsere ta ce an faɗi, sai in ga numfashinsa ya tsaya cak har sai an karanto lambar wanda ya faɗi. Idan ba namu ba ne sai ya saki wata muguwar barkwanci. Amma da bakin nan nasa yake ɗaukar oba-oba ya daka wa yaransa tsawa su saki birki, su daina sauka kamar tsohuwa da kwandon ƙwai.

Na taɓa tambayarsa yadda yake iya haka.

“Tsoro mura ne, Mino,” ya ce. “In na yi atishawa sau ɗaya duk sun kamu.”

Karatu biyu yake koyarwa. Na farko na 'yan tsere ne: ba a sauka daga keke sai ƙashi ya fito waje, shi ma a duba ko zai koma. Na biyu nawa ne. Duk lokacin sanyi, a harabar otal ɗin da muke atisaye, yakan sa wani ya kwanta a ƙasa kamar ya faɗi, shi kuma ya riƙe agogo. In fito daga mota, in sauke keke daga saman rufi, in ɗaga mutum, in ɗora shi, in tura.

“Kai ba likita ba ne,” yakan ce mini. “Keke, sirdi, tura. Daƙiƙa goma sha biyu, tsohon banza, ba sha uku ba.”

Sai da na kai ina yi cikin tara. Ina alfahari da wannan, ba zan ɓoye ba.

A cikin duk waɗanda suka bi ta hannunsa babu wanda ya haddace karatun kamar Ramiro Fueyo. Ɗan ƙauyen makiyaya ne, marar magana, mai manyan kunnuwa. Shekara goma sha ɗaya yana tare da mu yana ɗibar wa wasu ruwa, bai taɓa ci ba, bai kuma taɓa sauka ba. Yana da mata, Nuria, da 'ya guda mai shekara biyar, Xana, wadda ya manna hotonta a kan kekensa. A 2009 shekararsa talatin da uku, kuma shi da kansa ya san ƙafafunsa sun kusa yin sallama.

Ranar ƙarshe ce ta tseren lardinmu, a ƙarshen Afrilu, ana ta yayyafin nan namu da ba ya jiƙa mutum sai ya gama raina shi. A kujerar gaba muna ɗauke da Don Evaristo, mai kamfanin madarar da sunansa ke kan rigunanmu a shekarar. Karonsa na farko ke nan a motar tsere, ya zo da burodi da nama a takarda kamar mai zuwa yawon buɗe ido. Tun da safe Ramiro ya ɓalle da wasu mutum huɗu. Manyan ba su kula su ba, don wa yake tsoron Ramiro? Ɗaya bayan ɗaya huɗun nan suka sare, sai ga shi shi kaɗai a gaba, da ratar minti biyu da rabi. Abin da ya rage hawan Brañaseca ne, kilomita tara, sai gangara kilomita goma sha huɗu zuwa layin ƙarshe.

Duk wanda ya tashi a kwarinmu ya san wannan gangara. Faɗinta bai wuce na mota ɗaya ba, kashin shanu ko'ina a kan kwalta, kuma a gefen hagu babu katanga babu ƙarfe, sai rami da kan itatuwa can ƙasa. Ko da rana tsaka mai hankali a hankali yake bin ta.

A gindin dutsen akwai wata 'yar gada da aka shimfiɗa wa ƙarafa don hana shanu tsallakawa. Ramiro ya shigo ta a karkace. Tayar gaba ta zame, ya tafi gaba ɗaya, kansa ya bugi dakalin gadar. Gilashinmu a rufe yake amma na ji ƙarar.

Ban san lokacin da na fita ba. Na sauke keken canji, na iske shi har ya durƙusa. Na ɗaga shi. Ya karɓi keken, ya wurga ƙafa, sai ya juya kansa ya fuskanci inda muka fito.

“Ba nan ba, jaki,” na ce masa. Na kama kan keken na juyo da shi, na dafa sirdi na ruga da shi taku goma, na sake shi.

Sai da ya yi gaba sannan na ga bayan hular kwanonsa. Ta rabe biyu kamar ƙwaryar da aka taka.

Na koma mota. Don Evaristo yana ta tafi, yana cewa bai taɓa ganin sauri irin wannan ba. Na ɗauki tayoyina na rungume. Kilomita guda cur na yi shiru, ina gaya wa kaina ai kowa yakan rikice idan ya faɗi. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Ina tsoron in zama wanda ya ɓata ranar, kuma na fi tsoron abin da hannuwana suka riga suka yi ba su tambaye ni ba. Sabo turken wawa.

“Cundi,” na ce.

“Me?”

“Baya ya juya.”

“Wa?”

“Ramiro. Da na ba shi keken, inda muka fito ya nufa. Ni na juyo shi. Kuma hularsa ta fashe.”

Idanunmu suka haɗu a madubi. Shekara hamsin na san mutumin nan, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya sauke gilashi ya matsa da motar daidai da Ramiro.

“Yaya kan, ɗana?”

“Lafiya lau, maigida. Nawa tsakani?”

“Minti biyu. Kana tafiya kamar jirgi. Kai, gaya wa Don Evaristo sunan 'yar nan taka, yana tambaya.”

Ramiro ya yi murmushi ya buɗe baki. Ya dubi hoton da ke gabansa. Muna jira, yana ta taka feda, bakin a buɗe.

“Ba ni ruwa,” ya ce.

Cundi ya miƙa gora. Ramiro ya kai hannu ya kama iska. Ya sake kaiwa, ya sake kuskure ta da kusan taƙi guda. Sai a na uku Cundi ya cusa masa ita a tafin hannu.

“Gajiya ce kawai, ko?” in ji Don Evaristo. “Ai ni ma da na hau nan ba zan tuna sunan uwata ba.”

Cundi ya kira likitan tsere a rediyo. Aka ce motar likita tana bayan babban ayari, likitan ya tsaya a kan wasu biyu da suka faɗi a gadar nan, kuma hanya ba ta da faɗin da zai wuce mutum ɗari. Sai dai ya duba shi a ƙasa, bayan gangara. Allon gefen hanya ya nuna saura kilomita shida a kai ƙololuwa.

Sai maganar ta fito daga bakin Cundi. Kalma ce da bai taɓa gaya wa ɗan tsere ba.

“Ramiro. Tsaya a gefe. Ka sauka.”

Ramiro ya waiwayo ya dube shi kamar wanda aka zagar wa uba.

“Ƙashi bai fito ba, maigida.”

“Na ce ka sauka.”

Sai Ramiro ya sa yatsa ya cire 'yar wayar oba-oba da ke kunnensa, ya bar ta tana reto a kafaɗa, ya miƙe tsaye a kan feda. Abin ban tsoron shi ne ƙafafun lafiyarsu lau. Ban taɓa ganin ya hau dutse kamar ranar ba. Sai dai keken yana tafiya yana lanƙwasa, daga wannan gefe zuwa wancan, kamar na wanda ya fito daga mashaya.

Ni na kawo dabarar taya. Na zuro kai ta taga na yi masa ihu cewa tayarsa ta baya tana sacewa, ya tsaya in canja kafin gangara. Babu ɗan tseren da ke wasa da wannan magana. Ya sunkuya ya duba, keken ya kwashe shi har ya goga kafaɗa da dutse, ya dawo hanya da ƙyar. Ya ɗaga mini hannu alamar in rabu da shi. Ban sake gwadawa ba, don na ga saura ƙiris in kashe shi da kaina.

Daga saura kilomita uku jama'a suka fara cika hanya. Mutanenmu ne, sun hau tun da asuba da lemarsu da kwalaben giyar tuffa, kuma ga ɗan gida shi kaɗai a gaba. Suka rufe hanyar sai wata 'yar kafa da ke buɗewa a gaban tayarsa. Alƙalin tsere da ke kan babur ya yi mana alama mu koma baya. Muka koma. Yanzu ko magana ba za mu iya yi masa ba, sai dai mu hango fasasshiyar hular tana ɓullowa tana ɓacewa a cikin mutane, suna ta kiran sunansa, wasu na bubbuga masa baya.

Sai na ji Cundi yana magana ƙasa-ƙasa, ba da kowa ba. Lanƙwasar gangarar yake jerawa, kwana bayan kwana.

“Ta farko dama, mai sauƙi. Ta biyu dama. Ta uku hagu, bayan maɓuɓɓuga, kullum a jiƙe take. Babu komai a bayanta. A gudun kilomita saba'in zai shigo ta.” Ya sake farawa daga ta farko.

“Mino,” ya ce, “ba na jin ƙafafuna.”

“Suna nan. Ka tuƙa kawai.”

Don Evaristo ya fara gane inda aka dosa. Ya ajiye burodinsa. Ya nuna jirgi mai saukar ungulu da ke shawagi a kanmu, ya ce awa guda ke nan duk ƙasar tana kallon sunan kamfaninsa a talabijin, kuma yaron nan ya faɗa da bakinsa lafiyarsa lau.

“Kai fa da kanka ka yi abin da ya fi wannan, Tuñón, kowa ya sani. Ka bar shi ya zama namiji. In ka taɓa shi, ni da kai mun gama.”

Ban ga laifinsa sosai ba. Abin da muka sayar masa ke nan, shi ya saya.

Saura kilomita ɗaya. Hazo ya sauko har ba ma ganin jirgin. Na yi addu'ar da ban yi ba tun ina yaro, ina roƙon sarƙarsa ta tsinke, ko taya ta fashe da gaske, ko ma ya faɗi a nan inda yake tafiyar hawainiya. Ka ji abin da makanike yake roƙa wa keken da ya haɗa da hannunsa. Babu abin da ya tsinke, don na iya aikina.

Saura mita ɗari uku akwai inda hanya ta ɗan buɗe, gaban wata bukkar makiyaya. Cundi ya danna ham bai ɗaga ba, ya sa tayoyin motar biyu cikin ciyawa, ya wuce alƙali, ya wuce Ramiro. Mutane suka yi ta tsalle suna kauce mana, madubin gefe ya tafi da lemar wani. Dab da ƙyallen da aka rataya a ƙololuwa ya taka birki ya gindaya motar a tsakiyar hanya. Daga inda muka tsaya ina ganin inda kwalta ta lanƙwasa ta nufi ƙasa ta shige cikin hazo.

Ya fita. Mutum mai shekara hamsin da biyu, da ƙugun da ba ya lanƙwasuwa. Tsakanin motar da katangar bukkar akwai 'yar kafa, kuma Ramiro ita ya nufa, ko rage gudu bai yi ba. Cundi ya tsaya a cikin kafar ya buɗe hannuwa. Ya cafke shi a ƙugu, ya murɗa jikinsa yadda shi zai fara kaiwa ƙasa, Ramiro ya faɗo a kansa, keken a kansu su biyu. Haƙarƙarin Cundi biyu suka karye a nan.

Jama'a suka yi kansa. Sun ɗauka wani mahaukaci ne. Wani tsoho ya yi ta zabga masa lema a baya, wata mata ta watsa masa giya a fuska, ana ta zaginsa da uwa da uba. Bai saki ba. Ya sa hannu ɗaya ya tallafe ƙeyar Ramiro, ɗaya hannun yana yagar lambar da ke bayan rigarsa, alamar ya fita daga tsere. Ramiro yana naushinsa yana kuka yana cewa a ba shi kekensa.

Ni kuwa na ɗaga keken daga kansu, kuma na rantse da kabarin uwata, hannuwana har sun fara daidaita shi suna miƙa masa. Da na ga haka sai na kwance tayar gaba na wurga ta cikin mota na rufe ƙofa.

Can wani ya ce, “Ai Cundi ne.” Maganar ta bi cikin mutane, duka ya tsaya, wurin ya yi tsit. Wannan shirun ya fi dukan muni. Bayan minti biyu babban ayari ya iso, suka bi ta kafar ɗaya bayan ɗaya suka faɗa gangara. Ramiro yana zaune a kan kwalta yana kallonsu.

“Su wane ne waɗannan?” ya tambaye ni. Sai ya sunkuya ya yi amai a kan takalmansa.

A asibiti a Oviedo likita ya ce ƙwaƙwalwar ta girgiza, akwai ɗan jini da ya taru, amma ba sai an yi aiki ba. Na tambaye shi ko da an bar shi zai kai ƙasa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce wataƙila ya kai, wataƙila kuma a'a, shi ba boka ba ne. Wannan “wataƙila ya kai” ita mutanen mashaya suka riƙe har yau. Alƙalai suka dakatar da Cundi saboda tare hanya. Don Evaristo ya cika alkawarinsa a ƙarshen shekara, kuma babu wanda ya sake ba Cundi ƙungiya. Yanzu yana wani ƙauye sama da Mieres yana kula da itatuwan tuffa na surukansa. Ramiro ya yi shekara guda ya bar tsere. Xana ta gama jami'a bara. Idan suka haɗu da Cundi a kasuwa sukan gaisa, amma ba sa tsayawa.

Duk wannan daga baya ne. A ranar, wajen ƙarfe biyar na yamma, mu biyu ne a ɗakin Ramiro, don Nuria tana hanya. Cundi ya ƙi yarda a duba haƙarƙarinsa. Yana zaune a karkace a bakin gado, rigarsa tana warin giyar da aka watsa masa. Ramiro ya buɗe ido, ya dube mu, fuskarsa a sake.

“Maigida, na kammala?”

“A'a.”

“Me ya faru?”

“Ka faɗi a gada, ka tashi. Kana gaba da minti biyu a kan Brañaseca. Ni na sauke ka.”

Ramiro ya dube shi. Sai idanunsa suka ciko.

“Shekara goma sha ɗaya ina ɗebo maka ruwa,” ya ce. “Allah ya isa tsakanina da kai.” Ya juya ya fuskanci bango.

Muka zauna. Ba a yi minti biyar ba ya juyo, fuskar nan a sake kamar babu abin da ya faru.

“Maigida, na kammala?”

Cundi ya gaya masa, kalma bayan kalma, kamar na farko. Ramiro ya sake jin ta sabuwa fil, ya sake yin kuka, ya sake yi masa Allah ya isa. A karo na huɗu ma'aikaciyar jinya ta ja mu gefe ta ce haka abin yake, zai yi ta tambaya har kan ya daidaita, kuma ba ya riƙe amsar. Ta ce mu gaya masa duk abin da zai kwantar masa da hankali.

“Ka ce masa e mana,” na ce wa Cundi. “Ka ce ya kammala, ka ce ma ya ci. Minti biyar ya manta. Kana kashe shi kana kashe kanka a banza.”

Ya girgiza kai.

“Ɗaya daga ciki zai riƙe, Mino. Ban san wacce ba.”

Kafin Nuria ta iso sau goma sha ɗaya ya gaya masa. Muna jin takunta a baranda Ramiro ya sake juyowa daga bango, ya ga Cundi, ya yi masa murmushi.

“Maigida, na kammala?”

Cundi ya dafe haƙarƙarinsa, ya jawo kujera kusa da gadon.